Yadda ake shirya wasan kwaikwayo na motsin jiki da ɗalibai a kan abin da yaƙi ke yi wa mutane

Idan aka tara ɗalibai aka ce su shirya wasan kwaikwayo a kan yaƙi, kusan kullum abin da suke fara yi shi ne su ɗauko sanduna su mai da su bindigogi, rabinsu su yi ta harbi da baki, rabi su yi ta zubewa ƙasa, 'yan kallo kuwa su yi ta dariya don sun san wanda ya faɗi zai miƙe ya karkaɗe wandonsa. Wasan motsin jiki, wanda ake gina labarinsa da tsayuwa da tafiya da ɗauka da faɗuwa fiye da magana, yana iya yin abin da ya wuce wannan nesa, amma sai an saita masa alƙibla tun ranar farko. Abin da ya kamata a sa a gaba shi ne abin da yaƙi ke bari a jikin mutumin da bai taɓa riƙe makami ba: yadda yake canza tafiyar uwa, da zaman tsoho, da barcin yaro, da yadda iyali ke kewaye akushi bayan an rasa mutum ɗaya.

An tsara wannan bayani ne don malami ko ɗalibin da zai jagoranci rukunin mutum 10 zuwa 15, a babbar sakandare ko kwaleji ko jami'a, cikin mako 8, ana haɗuwa sau 3 a mako na awa 2, domin a fito da wasa na kimanin minti 25. Misalin da za a bi shi ne rikicin Boko Haram a yankin tafkin Chadi, domin shi ne yaƙin da ɗalibai da yawa suka tashi a cikinsa ko a gefensa. Wanda ya zaɓi yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, ko labarin kakanninmu da aka kai yaƙin Burma, zai iya bin matakan nan ba tare da ya canza komai ba sai kayan binciken.

Mataki na farko: a rage girman jigo

Yaƙi gaba ɗayansa ya fi ƙarfin minti 25, saboda haka a makon farko sai a zauna da ɗalibai a karanta abin da aka tabbatar, sannan a tsamo tambaya guda ɗaya. Rikicin ya ɓarke a watan Yulin 2009, ya raba mutane fiye da miliyan 2 da muhallansu. Wani rahoto na hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2021 ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 an rasa rayuka kusan 350,000 a arewa maso gabashin Najeriya, kuma kimanin 314,000 daga ciki ba makami ne ya kashe su kai tsaye ba, yunwa ce da cuta da rashin magani, mafi yawansu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce tana da rajistar mutum kusan 22,000 da iyalansu ke nema a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta a lokacin, kuma fiye da rabinsu yara ne sa'ad da suka ɓata.

Waɗannan alƙaluman ba don a karanta su a dandamali aka kawo su ba. Amfaninsu shi ne su nuna wa ɗalibai inda nauyin yake, domin duk wasan da ya ƙare a harbe-harbe ya bar mafi yawan mamatan a waje. Daga nan sai a fitar da tambayar da za a iya amsawa da jiki. Me mutum ke ɗauka idan yana da minti biyu ya bar gidansa? Me hannun manomi ke yi a sansanin 'yan gudun hijira da babu gona? Yaya macen da mijinta ya ɓata take rayuwa, alhali ba ta yi takaba ba, ba ta kuma da miji a gida? Wannan ta ƙarshe tana da zurfi ƙwarai, domin a fiƙihun Malikiyya matar wanda ya ɓata takan kai maganarta gaban alƙali a yanka mata wa'adin shekara 4 kafin ta shiga idda, kuma jira irin wannan abu ne da jiki ya fi baki iya nunawa. A zaɓi ɗaya, a rubuta ta a allo, a bar ta a wurin har ƙarshen aiki.

Mataki na biyu: a san waɗanda ke cikin ɗakin

Kafin a fara kowane motsi, jagora ya ɗauka cewa a cikin ɗalibansa akwai wanda ya yi gudun hijira, ko aka kashe masa wani, ko mahaifinsa soja ne da bai dawo ba, ko da kuwa babu wanda ya faɗa. Kada a nemi kowa ya ɗaga hannu ya ba da labarinsa. A kafa ƙa'idoji uku a bayyane: duk wanda ya ji ba zai iya ba yana da damar fita ya zauna a gefe ba tare da an tambaye shi dalili ba, abin da aka faɗa a ɗakin gwaji ba ya fita waje, kuma ba a ɗaukar hoto ko bidiyo da waya lokacin gwaji. A sanar da mai ba ɗalibai shawara na makarantar, a nemi ya riƙa leƙowa, a kuma sami izinin hukumar makaranta a rubuce, na iyaye ma idan ɗaliban ba su kai shekara 18 ba.

A nan ne kuma ake warware maganar cuɗanyar maza da mata, tun ba ta zama abin tsegumi ba. Wasan motsin jiki yana buƙatar jingina da ɗauka, to sai a ƙa'idance cewa namiji da namiji za su yi, mace da mace. Inda labari ya buƙaci alaƙa tsakanin miji da mata ko uwa da ɗa, sai a haɗa su da zane ko igiya ko tabarma, kowa ya riƙe gefe ɗaya. A ganina wannan ba tawaya ba ce, domin tazarar da ke tsakanin mutum biyu masu jan zane ɗaya takan fi runguma faɗin abin da ake nufi.

Mataki na uku: a fita a saurara

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a arewa. Tun bayan da aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, ɗalibai sun riƙa shiga Samaru da ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, su saurari damuwar mutane, su mai da ita wasa, su koma su nuna wa masu ita. Bambancin a nan shi ne abin da za a saurara ya fi zafi, don haka tambayar sai an auna ta.

A tura ɗalibai biyu-biyu wurin manyan mutanen da suka yarda da kansu su yi magana, ta hannun wanda suka amince da shi, kamar mai unguwa ko shugabar mata ko ma'aikacin agaji. A bayyana musu abin da za a yi da maganarsu, a yi alkawarin ba za a ambaci sunansu ko na ƙauyensu ba. Kada a yi hira da yara. Kada kuma a ce wa mutum ya faɗi yadda aka kashe nasa, domin ɗalibi ba shi da horon da zai rufe abin da wannan tambayar za ta buɗe. Tambayoyin da suka fi amfani ga wasa ma ba su ne ba. A ce: Baba, wace sana'a kake yi a gida, ko za ka nuna mana yadda ake yinta? Iya, me kika ɗauko ranar da kuka fito? Wace hanya kuka bi, da ƙafa ko a mota? Me kika fi kewa a tsakar gidanki? Ɗalibi ɗaya ya yi tambaya, ɗayan ya kula da hannuwa da kafaɗu da inda ido ke sauka, ya lura da lokacin da mai magana ya yi shiru.

Idan aka dawo, kowane ɗalibi ya kawo abu uku kacal: aikatau guda biyar da ya ji, irin su ƙulla, goya, laɓe, tsallaka, jira, motsi ɗaya da ya gani da idonsa, da jimla ɗaya da ta tsaya masa a rai. Waɗannan su ne jarin wasan gaba ɗaya. Inda fita ba ta yiwu ba saboda tsaro, a yi amfani da hirarrakin da gidajen rediyo da jaridu suka riga suka wallafa.

Mataki na huɗu: a horar da jiki

Rabin awa na farkon kowace haɗuwa, daga mako na biyu har ranar wasa, na motsa jiki ne, kuma ba a tsallake shi. A fara da tafiya: kowa ya yi ta zagaya fili yana cike duk inda ya ga gurbi, ba magana, sannan a koyi tsayawa tare da tashi tare ba tare da wani ya ba da umarni ba. Da farko abin zai riƙa wargajewa, amma ranar da mutum 12 suka tsaya cak a numfashi ɗaya, an sami ƙungiya, kuma ita ce za ta zama garin da za a nuna.

Bayan haka sai a shiga matakan ɗaurewar jiki guda 7 da ake dangantawa da Jacques Lecoq, malamin wasan motsin jiki ɗan Faransa, wanda ya buɗe makarantarsa a birnin Paris a 1956. Mataki na 1 jiki ne da gajiya ta sake shi har ƙafa ba ta ɗaguwa, na 3 tafiyar mutumin da babu abin da ya dame shi, na 5 mutumin da ya ji wani motsi a bayan katanga bai san ko mene ne ba, na 7 kuwa jikin da tsoro ya sandare. Jagora ya riƙa kiran lamba, ɗalibai su canza nan take. Darasin da ake so su gane shi ne mutanen da yaƙi ya taɓa ba a mataki na 7 suke rayuwa ba, yawanci suna tsakanin na 5 da na 1, wato tsakanin kasa kunne da galabaita, kuma ɗan wasan da ya iya riƙe na 5 yana tankaɗe gari ya fi mai kururuwa tayar da hankalin 'yan kallo. A ƙara da abubuwa huɗu da Rudolf Laban, masanin rawa da motsin jiki, ya ce ana auna motsi da su, wato nauyi da lokaci da fili da gudana, ta hanyar ɗaukar aiki ɗaya, misali jan guga, a yi shi da nauyi sannan da sauƙi, da gaggawa sannan a hankali.

Namu na gida ma akwai horo a cikinsa. Yaron da ya yi tashen Tsoho da Gemu ya riga ya san yadda ake aron shekaru da ƙugu da gwiwa, ɗan kokawa ya san yadda ake karɓar nauyin wani ba tare da an ji ciwo ba, ɗan langa kuma ya san daidaita tsayuwa. A tambayi ɗalibai abin da suka iya, a sa su koya wa juna.

Faɗuwa da ɗauka sai an koya su a kan katifa ko yashi, ba a kan siminti ba. Mai faɗuwa ya durƙusa tukuna, ya sauka a kan cinya da gefen jiki, ya fitar da numfashi, kada ya tokare da tafin hannu ko gwiwa. Mai ɗauka ya lanƙwasa gwiwa ya miƙe baya, ya manna nauyin da jikinsa, wanda ake ɗauka kuma ya ɗaure cikinsa ya taimaka da ɗan tsalle. Duk sabuwar ɗauka a tsayar da mutum biyu a gefe su tare. Idan gwaji ya faɗo cikin azumi ko tsananin zafin bazara, a mai da shi safiya, a rage ɗauke-ɗauke.

Mataki na biyar: a gina zaman lafiya tukuna

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma wanda ɗalibai ke son a wuce da sauri don a kai ga tashin hankali. Kada a biye musu. 'Yan kallo ba za su ji zafin rashin abin da ba a nuna musu yana nan ba.

A raba rukuni gida-gida, kowane gida ya shirya jerin motsi 8 na aikin yau da kullum, a ƙidaya su yadda za a iya maimaita su daidai kowane lokaci. Ga misali: iyali mai mutum shida a cin abincin dare. Yarinya ta shimfiɗa tabarma, yaro ya kawo buta, uba ya wanke hannu ya miƙa wa na kusa, uwa ta ajiye akushi ta buɗe faifai, a sa hannu, ƙaramin ya kai hannu ga nama yayansa ya buge masa shi, uwa ta miƙa wa babban ɗanta moɗar ruwa ba tare da ta dube shi ba, a tashi a naɗe tabarma. A yi shi har ya zauna a jiki, da ɗan abin dariyarsa, domin dariyar farko ita ce ke buɗe zuciyar mai kallo.

Sai a maimaita jerin nan a wurare uku cikin wasan. Karo na farko kowa yana nan. Karo na biyu babu babban ɗan, amma ba a canza komai ba: an bar gurbinsa a tabarma, uwa ta miƙa moɗa ba ta duba ba, hannunta ya tsaya a iska na tsawon numfashi uku kafin ta janye. Karo na uku a sansani ne, babu uba, babu akushi sai ƙaramin kwano, tabarmar ta zama buhu, yaron ya kai hannu babu wanda ya buge masa, shi da kansa ya janye. Ba a furta kalma ko ɗaya ba, amma duk wanda ya taɓa zaman makoki ya gane. Haka za a yi da aikin gona, da daka, da aji a makaranta inda ake kiran suna wasu kujeru ba sa amsawa, wanda duk mai tuna Buni Yadi da Chibok a 2014 da Dapchi a 2018 zai fahimta ba sai an ambaci sunan gari ba.

Mataki na shida: a karya shi

Domin nemo siffofin tashin hankali, a yi amfani da dabarar daskararren hoto ta Augusto Boal, masanin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Burazil. A ɗauki aikatau ɗaya daga waɗanda aka tattaro, mutum huɗu su ƙera hoto da jikinsu cikin minti ɗaya ba magana, sauran su zagaya su faɗi abin da suke gani kawai, ba abin da suke zaton ana nufi ba. Idan masu kallo suka ga abin da ba a nufa ba, hoton ne za a gyara. Daga nan a ƙera hoton abin da ya faru minti ɗaya kafin wannan, da na minti ɗaya bayansa, sannan a haɗa ukun da motsi a hankali. Fitowa ta samu ke nan.

Gudun hijira shi ne wurin da bincike ke raba wasa mai kyau da na jeka-na-yi-ka, domin gudu ba iri ɗaya ba ne. Mutanen Gwoza a watan Agustan 2014 duwatsun Mandara suka hau, wato jiki a sunkuye, hannu na neman madafa, ana tura tsoho daga baya. Mutanen Damasak a ƙarshen shekarar kogin Komadugu Yobe suka tsallaka zuwa yankin Diffa a Nijar, kaya a ka, yaro a wuya, ƙafa na laluben ƙasa. Mutanen Baga a watan Janairun 2015 da yawa ta tafki suka bi zuwa Chadi, a cunkushe cikin kwalekwale inda motsin mutum ɗaya ke girgiza kowa. Kowanne da irin nauyinsa da saurinsa. A zaɓi ɗaya a yi shi sosai, kuma kada a yi gudu na gaske a zagaya dandamali, domin yana jawo dariya. Gudu a wuri ɗaya, ko tafiya a hankali ƙwarai alhali numfashi na sauri, ya fi kama ido.

Kayan wasa a taƙaita su, a sa kowanne ya yi aiki da yawa. Zane ɗaya zai iya zama goyo, ya zama ƙullin kaya, ya zama ruwan kogi idan mutum biyu suka kaɗa shi, ya zama rumfar sansani, ya zama abin da ake lulluɓe mamaci. Jarka mai ruwa a ciki ta fi wadda babu komai, saboda nauyin gaske ba ya buƙatar kwaikwayo. Takalman da aka bari warwatse bayan jama'a sun watse sun isa su nuna hari.

Su kansu maharan shawarata ita ce kada a fito da su. Da zarar ɗalibi ya naɗa rawani ya rataya bindigar katako, hankalin 'yan kallo ya koma kansa, ya zama tauraron wasan, wani lokaci har a yi masa tafi. A bar su a wajen fili, a nuna zuwansu a jikin waɗanda suka ji su: kai goma sha biyu su juya gefe ɗaya a lokaci ɗaya, taɓarya ta tsaya a sama. Masu shirya wasan rawa sun daɗe da gane inda ƙarfin irin wannan jigo yake. Wasan Koren Teburi na Kurt Jooss ɗan Jamus, wanda ya ci gasa a Paris a 1932, ya ba da fili mai yawa ga bankwana da 'yan gudun hijira da mai cin ribar yaƙi, ya kuma buɗe ya rufe da manyan mutane suna gardama a teburi. Fyaɗe da yanka kuwa ba a kwaikwayonsu da ɗalibai ko ta wace siga, abin da ya biyo baya ake nunawa.

Mataki na bakwai: a jera, a yanke

Zuwa ƙarshen mako na biyar za a tara guntaye 15 ko fiye. A rubuta sunan kowanne a ƙaramar takarda, a baza a ƙasa, a gwada jeri daban-daban. Ba dole ba ne a bi tsarin kafin hari, hari, bayan hari. Ana iya farawa da layin karɓar abinci a sansani, tunanin gida ya riƙa kutsowa. Duk guntun da bai amsa tambayar da ke allo ba a cire shi, ko da shi ne ya fi kyau, kuma a gaya wa ɗalibai tun farko cewa rabin abin da suka ƙirƙira ba zai kai ranar wasa ba. Sauyi daga fitowa zuwa fitowa shi ma wasa ne: naɗe tabarmar gida ya zama ɗaure kayan hijira, kada a kashe fitila ana jan kujeru.

Sauti ya fito daga jikin 'yan wasa da kayan gida: numfashi, takun ƙafa, dukan turmi, kiɗan ƙwarya, sarewa guda. Kada a sa ƙarar bindiga ko ta bam a lasifika, kada kuma a fasa wani abu mai ƙara, domin a cikin 'yan kallo akwai wanda jikinsa zai amsa kafin hankalinsa, kuma taro na iya watsewa a ji rauni. Magana kada ta wuce jimloli biyar ko shida daga waɗanda aka tattaro, a faɗe su a sarari ba tare da kukan ƙarya ba. Idan akwai mai jin Barbarci ko Margi ko Babur ko Fulatanci a rukunin, ya faɗi tasa da harshensa, domin wannan bala'i bai tsaya kan ƙabila ɗaya ko addini ɗaya ba, kuma ya kamata gidajen da ke cikin wasan su nuna hakan. A guji sanya ayoyi ko kwaikwayon ibada a tsakiyar rikici.

Mataki na takwas: fili da sutura da gwajin ƙarshe

Irin wannan wasa ya fi kyau a fili a ƙasa, 'yan kallo sun kewaye ta gefe uku, fiye da kan dogon dandamalin ɗakin taro inda na baya ba ya ganin hannu. A share tsakuwa, a shata iyaka da toka ko igiya, a yi gwaji a wurin aƙalla sau biyu, a duba kowane hoto daga kowane gefe. Idan babu tabbacin wuta, a sa wasan bayan la'asar a gama kafin magariba. Sutura ta zama kayan gida marasa ado waɗanda ba sa hana ɗaga hannu, mata su sa wando a ƙarƙashin zane su ɗaure mayafi da kyau. Kada a sa kakin soja, saboda jami'an tsaro ba sa lamuntar farar hula su sa shi, kuma wasan ba ya buƙatarsa.

A mako na bakwai a gayyaci mutum biyar ko shida da ba su san komai game da aikin ba, a nuna musu, a tambaye su abin da suka gani da inda hankalinsu ya tafi wani wuri. Bayan an gyara, sai a gayyaci waɗanda aka yi hira da su, idan suna so, su gani kafin kowa. Idan ɗayansu ya ce ba haka ake ƙulla kaya ba, ko ya ce a cire wani wuri don ya yi kama da labarinsa da yawa, maganarsa ce ta ƙarshe.

Ranar wasa

Kafin a fara, wani ya tsaya ya gaya wa jama'a cewa wasan ya shafi hijira da rashin dangi, babu ƙarar harbi, kuma wanda ya ji ba zai iya ba ga hanyar fita, tare da mutum biyu a bakin ƙofa da ruwan sha. 'Yan wasa su yi motsa jikinsu na rabin awa kamar kullum, a sake gwada duk wata ɗauka sau ɗaya. A gargaɗe su cewa za a iya yin dariya a wurin da ba na dariya ba, musamman daga abokansu, kuma maganinta shi ne su riƙe motsin ba tare da sun yi sauri ba, dariyar za ta mutu da kanta.

Bayan an gama a ba da minti 15 na tattaunawa, jagora ya fara da tambayar wane hoto ne ya tsaya wa mutane a rai, kada ya bari zance ya koma gardamar siyasa ko neman wanda za a ɗora wa laifi. Idan wani ya tashi ya fara ba da labarin kansa, a saurare shi, sannan mai ba da shawara ya same shi a keɓe. Daga ƙarshe 'yan wasa su koma ɗaki su kaɗai, su cire suturar wasa, su karkaɗe hannu da ƙafa, kowa ya faɗi sunansa na gaskiya da abin da zai yi idan ya koma gida, a ci abinci tare. Bayan mako ɗaya a sake haɗuwa na awa ɗaya, jagora ya tambayi kowa yadda barcinsa yake, duk wanda ya ce abin na dawo masa a haɗa shi da mai ba da shawara ko asibiti mafi kusa.